Abin da Kyaftin Dogo Ya Faɗa a Bakin Ƙofa

Maamobi, Accra
Talata, 2 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Fuseini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya jiki, yaya jirin nan da ka ce yana ɗibarka in ka miƙe? Yaya Kawu da mutanen Salaga baki ɗaya? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana kowa sakat. Jiya kwatar bayan gidanmu ta cika har ta shigo tsakar gida.

Na san tun da sanƙarau ya tafi da jinka ka jingine waya, ka ce ba ka son abin da yake kuka ba ka ji. Shi ya sa na ba Mubashir direba wannan ya miƙa maka hannu da hannu. Don Allah ka ba shi amsa kafin ya juyo.

Yaya, abin da mutanen unguwa suka shekara bakwai suna jira ya iso. Kashi na biyu na fim ɗin nan da ka raɗa wa suna Rijiyar Sama ya fito, kuma Alhaji Wahab ya samo shi. Tun kafin ya nuna mini ya sa aka rubuta a allon ƙofar gidan kallonsa cewa ranar Asabar ashirin ga wata, bayan La'asar, za a haska shi da fassarar Hausa daga bakin Suweiba ƙanwar Fuseini. Ka ga ya ɗaure ni ke nan. Shekara uku ina riƙe da makirufon da ka bari, na fassara na Indiya da na Sin da na Turawa ba adadi, ban taɓa jin tsoron fim ba sai wannan.

Ka tuna yadda na ɗaya ya ƙare. Ma'aikata suna haƙar ruwa a wata duniya mai nisa, suka tono wani inji da ba ɗan Adam ne ya ƙera ba. Shugabansu, wanda ka sa wa Kyaftin Dogo, ya shiga ramin don ya kashe injin, ƙofa ta rufe da shi, aka ji muryarsa ta rediyo yana cewa su jira shi, yana nan tafe. Har yau samarin unguwar Nima in za su zaga bayan gida sai su ce "ku jira ni, ina nan tafe" da irin muryarka.

To, na biyu ya buɗe ne da matarsa tsaye gaban wani dutse da aka rubuta sunansa, irin na kabarin Nasara. Ba a yi minti biyar ba sai ga shi yana ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na ce madalla, ya cika alkawari. Sai kuma ga shi a asibiti an ɗaure shi a gado. Sai ga shi cikin jirgi yana tahowa gida kamar bai taɓa isowa ba. Sai ya sake ƙwanƙwasa ƙofar nan, kaya iri ɗaya, magana iri ɗaya, ita kuwa matar ta ja da baya kamar ta ga maciji. Sau uku na kalla. Turancin ina jinsa kalma kalma, amma da na zo haɗawa sai ya warware mini. Akwai wata likita mai furfura da take dogon bayani a tsakiya. Na kwafe shi duka a littafi, har yanzu ban san ko amsa take bayarwa ba ko ita ma ruɗewa ta yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sau biyu matar tana ce masa ai shi ya ce kada ta jira shi. Yaushe ya faɗi haka? Ko an yanke wani wuri ne a kwafin da ka yi aiki da shi? Kai kaɗai ka zauna da na ɗaya, lokacin ina makaranta. Ka tuno mini.

Yau da safe wajen mai koko na haɗu da Baba Idrisu wanzami. Ka san yadda ya riƙe fim ɗin nan tun da ɗansa Jamiu, abokinka, ya kama hanyar Libiya aka daina jin ɗuriyarsa. Mutumin da ko ƙwallo ba ya kallo. Ya riƙe mini gefen mayafi ya tambaye ni ko Dogo ya dawo. Ya ce a ajiye musu kujera uku a gaba, shi da Muniratu matar Jamiu da 'yarsu Zuera. Na ce masa ban gama kallo ba. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini.

Ka gaishe da Kawu da iyalinsa. Allah Ya ƙara maka sauƙi.

Ƙanwarka,
Suweiba


Maamobi, Accra
Lahadi, 7 ga Yuli

Yaya Fuseini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Kawu da kowa da kowa. Mubashir ya dawo ya ce ka karanta takardata sau biyu, ka naɗe ta ka sa a aljihu, ka shige ɗaki. Bai zo mini da komai ba. Na yi mamaki a ranar. Yanzu na daina.

Shekaranjiya na sa Alhaji Wahab ya tono mini tsohuwar kwamfutarsa, wadda take ƙarƙashin benci tun zamaninka. Na ɗaya yana ciki, na asali, wanda ba a ɗora muryarka a kai ba. Na wuce kai tsaye zuwa bakin ƙofar nan. Yaya, babu abin da aka yanke. Mutumin ya faɗa ne a fili, da Turancin da ɗan aji uku zai ji: kada ku jira ni, ku tafi gida. Sau goma na mayar da shi baya ina sa ran kunnena ne. Ba kunnena ba ne.

Kai ka koya mini cewa mai fassara yana iya ƙara barkono, yana iya sa wa Bature sunan mai nama na Nima don a yi dariya, amma ba ya taɓa ƙashin labari. Ranar da na juya wata magana a wani fim na Indiya don ta fi daɗi, kwana biyu ba ka kula ni ba. To wannan fa? Ba kuskure ba ne. Wanda ya fassara awa biyu daidai ba zai yi tuntuɓe a kan kalma huɗu ba.

Na gaya wa Alhaji. Ko a jikinsa. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda ga mutumin nan yana ƙwanƙwasa ƙofa, in ce ya dawo kawai, inda matar take cewa kada ta jira in sa mata wata magana, wa zai sani. Na ce masa rabin samarin da za su zauna a ɗakin nan suna jin Turanci fiye da ni, kuma wasu sun riga sun kalla a wayoyinsu. Ya ce in ba zan iya ba akwai mai fassara a wajen tashar Circle da yake roƙonsa aiki tun bara. Ya ba ni zuwa ran sha biyar in faɗa masa matsayata.

Abu ɗaya na gano a cikin fim ɗin. A na ɗaya, tabon da yake girar Dogo a dama yake. Wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa, nasa a hagu yake. Na asibitin ma haka. Ban gama fahimta ba tukuna, amma jikina yana ba ni cewa ba shi ba ne.

Ba fim ɗin ne ya hana ni cin abinci ba yanzu. Kai ne. Me ya sa ka yi haka? Kada ka bar Mubashir ya sake dawowa hannu biyu. In ya dawo haka, ni zan shigo motar.

Ina gaishe ka duk da haka, kuma ina yi maka addu'a.

Suweiba


Maamobi, Accra
Litinin, 15 ga Yuli

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan jikinka da sauƙi. Ban san yadda ake tambayar lafiyar mutum bayan takarda irin wadda ka aiko ba, amma ina tambaya, da zuciya ɗaya.

A tashar Circle na karɓe ta, ban iya haƙuri na iso gida ba. Ina yage ambulan sai wani kati ya faɗo cikin taɓo. Wata mai sayar da ruwan leda ce ta ɗauko mini, ta goge shi da zaninta. Katin zaɓen Jamiu ne, ga hotonsa yana kallona. Na zauna a kan dakalin wani shago na karanta sauran. Motocin haya na trotro uku na Maamobi suka cika suka tashi ina zaune.

Shekara bakwai, Yaya. Ka ce sau uku ka je shagon Baba Idrisu da katin nan a aljihu, sau uku kana zama ya yi maka aski ka biya ka fito. Ka ce kai ka haɗa Jamiu da mutumin da ya san hanya, shi ya sa harshenka ya yi nauyi. Ka ce ranar da aka haska fim ɗin ka hango tsohon a benci na biyu, Muniratu kuma tana tsaye a bakin ƙofa da tsohon ciki, da aka zo wurin nan sai bakinka ya faɗi abin da ba shi ne a gabanka ba. Na yarda haka aka yi. Na ma ji tausayinka. Amma wannan rana ɗaya ce. Sauran ranakun fa?

Ka san abin da ya faru a cikinsu, don shekara huɗun farko kana nan. Ka ga lokacin da iyayen Muniratu suka zo daga Nima suka ce a je wurin malamai a raba auren, ta ce ba ta zuwa. Bayan tafiyarka mutum biyu sun nemi aurenta, ɗaya ma malamin makarantar Zuera ne, mutumin kirki. Ta ce tana da miji. Kullum tana bakin kasuwar Maamobi tana sayar da wake da shinkafa, in baƙon fuska ya tsaya sai ta kalle shi sau biyu kafin ta zuba masa.

Na je Zongo Lane na nemi Alidu, wanda ka ce shi ya kawo maka katin. Na same shi, yana sayar da takalma kusa da masallaci. Da na faɗi sunan Jamiu sai ya ajiye takalmin da yake gogewa. Ya ce motarsu ta mutu ne kwana biyu bayan Agadas, ruwa ya ƙare, Jamiu ya cika a rana ta uku da hantsi. Ya ce kafin nan Jamiu ya ba shi katin ya ce ya kai wa Fuseini, shi ya iya magana, shi zai san yadda zai gaya wa Baba. Da na ce masa har yau ba a gaya musu ba, sai ya dafe kai, ya ce da Hausarsa ta Kumasi, "Har matan shi ma bai sani ba?" Ya yi ta salati. Ya yarda zai biyo ni duk ranar da na sa.

A hanyar dawowa ne, ina matse a bayan mota, bayanin likitar nan mai furfura ya zauna mini daram. Injin da yake cikin ramin kwafi yake yi. Duk abin da ya faɗa ciki sai ya riƙa fitar da irinsa, amma a juye kamar a madubi, shi ya sa tabon ya koma hagu. Kowane kwafi bai san komai ba sai abin da ya faru zuwa bakin ƙofa, don haka kowanne yana ɗauka shi ne Dogo, ya kama hanyar gida. Ba ya wuce kwana tara sai ya mutu. Ba fim ɗin ne yake tsalle gaba da baya ba kamar yadda na zata, mutum uku ne daban. Matar sau uku tana buɗe ƙofa, sau uku tana binne shi. A ƙarshe wani na huɗu ya zo ya ƙwanƙwasa, ya juya wa kyamara baya, ba a nuna girarsa ba. A nan aka tsaya.

Na gaya wa Alhaji Wahab zan yi aikin, amma yadda yake zan faɗe shi. Ya yi ta faɗa, daga baya ya ce in mutane suka karya masa benci ni zan sani.

Ba zan bari tsohon nan ya zauna a kujerar gaba ya ji wannan daga lasifika ba. Na yi magana da Liman na masallacinmu. Ranar Alhamis bayan Azahar za mu je gidan, ni da shi da Alidu. Ka roƙe ni in bari sai bayan ran tsohon. Ba zan iya ba, Yaya. Muniratu shekararta talatin da ɗaya.

Ka yi mini addu'a ko da kana fushi da ni.

Taka har kullum,
Suweiba


Maamobi, Accra
Lahadi, 21 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Fuseini,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka, ina gaishe da Kawu, ina fatan kun wayi gari lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Mun je ranar Alhamis. Mun tarar da Baba Idrisu a ƙofar shago yana wasa aska. Da ya ga Liman tare da baƙo, da ni a bayansu, sai ya miƙe. Ya naɗe askar, ya rufe shago, ya shige gaba muka bi shi cikin lungu har gida. Ya aika aka kira Muniratu daga kasuwa. Ta shigo da ludayi a hannu, ta manta ba ta ajiye ba.

Liman ya yi addu'a, ya yi nasiha a kan haƙuri, ya daɗe yana kewaye. Ni na gaji da kewayen, na ciro katin na ajiye a kan tabarma. Muniratu ce ta fara ganewa. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta ɗauka ta riƙe da hannu biyu, ta ce wa Alidu ya faɗa mata tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ya faɗa. Tsohon yana sauraro, idonsa a ƙasa. Da aka gama, tambaya ɗaya ya yi: wa ya yi masa salla? Alidu ya ce su uku ne, da taimama, suka haƙa yashi da hannu suka rufe shi, suka jera duwatsu. Sai a nan tsohon ya yi kuka. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

Sannan ya tambayi Alidu yaushe ya dawo Accra. Alidu ya kalle ni. Da na so, da na yi shiru an bar shi a kan baƙon da ba a sani ba. Na ce shekara bakwai ke nan, kuma tun a makon da ya dawo ya kai wa Yayana katin. Na faɗi sunanka da bakina. Baba Idrisu ya ce, "Fuseini da nake yi wa aski?" Na ce shi.

Liman ya juya wajen Muniratu ya ce a iya saninsa takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, saboda haka tata ta daɗe da wucewa, babu abin da ya hau kanta. Ta ce, "Malam, ni ban yi ba." Ta cire 'yan kunnenta a gabanmu ta ajiye kusa da katin. Yanzu haka tana ɗaki, ƙanwarta ce take zama a wurin abincin. Da yamma na ga Zuera a ƙofar gida, tana ta tambayar mata masu shiga me ya sa kowa yake zuwa gidansu.

Jiya aka haska fim ɗin. Na roƙi Alhaji ya ɗaga, ya ce an riga an sayar da tikiti. Ɗakin ya cika har tagogi. Kujeru ukun nan na gaba babu wanda ya zauna a kansu, duk da ana tsaye a baya. Kafin a kunna na ɗauki makirufo na ce akwai gyara a kashi na ɗaya: abin da Kyaftin Dogo ya faɗa a bakin ƙofa shi ne kada a jira shi. Aka yi caa. Wani ya ce ƙarya nake, hassadar Yayana nake yi. Wani ya jefo ledar ruwa ta fashe a kan teburina. Wani saurayi daga baya ya miƙe ya ce gaskiya ta faɗa, shi ya daɗe da sani. Na bari suka lafa, na ce a kunna.

Awa biyu da kwata ina magana. Na nuna musu tabon, na bi da su kwafi bayan kwafi, kuma sun biyo ni, har wata tsohuwa tana faɗa wa matar cikin fim kada ta buɗe. Da aka zo na huɗun, ya ƙwanƙwasa, hoto ya ɗauke, sai ɗakin duka ya juyo gare ni: shi ne ko ba shi ba ne? Na ce ba a nuna ba, kuma ba a faɗa ba. Suka ce in faɗi nawa ra'ayin. Na kashe makirufo. Har na kai bakin titi ina jin su suna musu. Benci ɗaya ne ya karye.

Yau da hantsi Baba Idrisu ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a tsakar gida da masu gaisuwa. Ya sa suka ba mu wuri. Na ce masa ka rubuto, ka yi nadama, in yana so in karanta masa. Ya ce ba ya son takarda. Ya ce ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko, za a yi wa Jamiu addu'a da sadaka a ƙofar gida, kuma yana so ka zo. Na tuna masa cewa ba ka ji yanzu. Ya ce ya sani, ba sauraro yake so ka yi ba. Kunnenka ne ya mutu, bakinka yana nan. Ya ce ɗansa kai ya aiko wa saƙo, kuma har yau saƙon bai iso ba, don ni da Alidu ba mu aka aika ba. Yana so ka tsaya a gabansa da gaban Muniratu ka isar da shi.

Ban ga alamar ya yafe ba, ban kuma ga alamar ya ƙi ba. Ba zan yi maka ƙarin komai a kai ba. Ya tambaye ni ko za ka zo, na ce ban sani ba.

Mubashir zai taso daga Salaga ranar Laraba da safe. Na ce ya bar maka kujerar gaba, kusa da taga, saboda jirin. Zan je Circle ranar Alhamis in tsaya inda motarsa take sauke mutane.

Allah Ya jiƙan Jamiu, Ya ba mu ikon abin da ya rage.

Ƙanwarka,
Suweiba